Sawun Ganga da Gyararriyar Riba

Ranar Litinin da safe, lokacin da ma'aikatan kamfanin fenti suka fara shigowa, aka tarar da ƙofar bayan sito a buɗe. Kwaɗon yana yashe a ƙasa, an yanke shi gida biyu. Can ƙurya, inda gangunan farin fenti suke jere tun watannin baya, babu komai sai shatinsu a kan siminti.

Kafin a gama shan shayi kowa ya zama alƙali. Masu cika gwangwani suka ce maigadi ne, don an ga sabuwar waya a hannunsa. Masu lodi suka ce direba ne, don babbar motar kamfani ta kwana da laka a tayoyinta. Amma da Sufeton 'yan sanda ya zo ya jujjuya kwaɗon, sai ya ce da makulli aka fara buɗe shi, daga baya aka yanke don a ruɗa mutane. Makulli kuwa biyu ne. Ɗaya yana cikin akwatin ƙarfe a ofishin Manaja, ya buɗe ya nuna wa kowa. Ɗayan a wuyan Mai Sito yake kwana. Kafin azahar aka tafi da ita, tana ta waiwaye tana cewa don Allah a rufe tagogi kada ruwa ya shiga.

Labarin ya iske Baba Mai Sawu yana gyaran rediyo a ƙofar gidansa. Ya yi rayuwarsa a gandun daji yana bin sawun masu satar farauta, har gwiwa ta ce ta gaji, aka sallame shi. Matarsa ce ta fito da gudu, mayafi a hannu.

"Maigida, an kama maƙwabciyarmu Mai Sito."

Ya ajiye sukundireba. Shekarar da aka yi wa matar tasa aiki, aka nemi jini aka rasa, Mai Sito ce ta miƙa hannunta sau biyu, ta kuma koma wurin aiki da jiri. Mijinta ya rasu, yaranta uku duk suna makaranta.

"Sufeto ya ce da an gama taron masu hannun jari ranar Juma'a zai kai ta kotu," in ji matar. "In ta shiga gidan yari, wa zai riƙe yaran nan? Ka tashi mana, ka tsaya kana kallona!"

"Sandata nake nema."

"Tana hannunka."

Sufeto bai hana shi shiga ba, don sun taɓa aiki tare, kuma ya san tsohon ba ya taɓa komai sai da ido. A sito akwai garin alli da ke sauka a ƙasa kullum, siriri kamar hoda, kuma ya riƙe sawu da kyau. Baba Mai Sawu ya tsuguna da ƙyar. Takalman aiki ne masu kauri, mutum uku. Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne sun wuce fentin mota mai tsada da ke bakin ƙofa, ko kallonsa ba su yi ba, suka tafi can ƙurya.

"Wannan farin layin fa?" ya tambaya. An ja shi a ƙasa, ya yi hanya mai lanƙwasa tsakanin kaya.

Wani mai lodi ya ce, "Dokar Manaja ce, Baba. A cikin layi ake tafiya. Ka taka waje a yanke maka albashi."

Tsohon ya bi sawun har ƙofa. Da sun yanke ta tsakiya, da sun rage rabin tafiya. Amma ko sau ɗaya ba su fita daga layin ba, har kwanar da ba ta da amfani sai da suka sha.

"Ɓarayi masu ladabi," in ji Sufeto.

"'Yan gida ne. Ƙafarsu ta saba, ko sata suke yi ba za ta yarda ta taka ba."

"To ka ga ka ƙara wa Mai Sito nauyi, Baba. 'Yan gida, da makullinta."

Baba Mai Sawu ya ji maganar har cikin ƙirjinsa. Ya zo ne don ya cire ta, ga shi ya ƙara tura ta. Ya fita waje don kada a ga fuskarsa.

An yi ruwa ranar Asabar, don haka filin bayan sito laka ne. A nan aka mirgina gangunan zuwa mota, kuma a nan ya daɗe a tsaye. Sawun kowace ganga ya nutse a wuri ɗaya, ya yi sama-sama, ya sake nutsewa, ya sake yin sama-sama, har bakin mota. Ya taɓa ganin irin wannan a daji, amma a sawun dabbar da ta ji rauni.

"Gangunan nan ɗingishi suke yi," ya ce.

Sufeto ya yi dariya. "Sai mu kai su asibiti."

Maigadi yana ɗakinsa na bakin ƙofa, gumi yana zubo masa.

"Wayar nan fa, ɗana?"

"Wallahi Baba surukina ne ya aiko min. Matata ta haihu ranar Asabar, ya ce in riƙa ɗaukar hoton jaririn."

"Barka. Namiji ko mace?"

"Mace." Sai fuskarsa ta saki, ya fara nuna hotuna. "Ka ga nan minti kaɗan da haihuwarta, ko wanka ba a yi mata ba."

"Kai ka ɗauka?"

Maigadi ya gane abin da ya faɗa. A hankali ya amsa cewa ya bar ƙofa ya tafi asibiti, bai dawo ba sai da gari ya waye. Manaja ne da kansa ya ce ya je, amma kada ya gaya wa kowa, don kada sauran masu gadi su ce an yi son kai.

"Mutumin kirki ne, Baba. Har kuɗin mota ya ba ni."

Direba kuwa bai jira a tambaye shi ba, yana ganin tsohon ya fara faɗa.

"Ku zo ku ga abin da aka yi wa motata! An kankare mata gefe. Ni da nake shiga lungun nan da baya ido a rufe!"

Ƙasa ta goyi bayansa. Wanda ya tuƙa motar ya yi gaba, ya yi baya, ya sake gaba, ya goga ginshiƙin ƙofa, kafin ya samu ya fita. Inda ya sauko daga mazaunin direba ya bar sawu ɗaya tak, siririn takalmin ofis mai santsin ƙasa. Baba Mai Sawu ya sa yatsa ya kankaro laka daga cikin taya ya murza. Ta filin kamfani ja ce. Wannan toka-toka ce, da tsakuwa mai kaifi a ciki. Ya ƙulle ta a hankici.

Masu irin wannan takalmi a kamfanin biyu ne, Manaja da Akanta. Manaja ya ce ba shi da lokaci, yana shirin taro. Akanta kuwa da aka ƙwanƙwasa masa ƙofa sai da ya zubar da shayi a kan wandonsa. Siririn mutum ne mai tabarau, idonsa ya yi ja.

"Ka iya tuƙi?" in ji tsohon.

"Ko keke ban iya ba, Baba. Matata ke kawo ni."

"To me ya hana ka barci?"

Akanta ya cire tabarau ya goge. "Rahoton Juma'a. An ce in sake lissafi saboda satar nan."

"Lallai. Ribarku ta ragu."

"Ɗaya ta ragu. Ɗayar ko motsi ba ta yi ba."

Baba Mai Sawu ya jawo kujera. "Riba biyu gare ku? Yi min bayani kamar ɗan aji ɗaya."

Akanta ya ɗan yi murmushi, karon farko. Ya ce akwai ribar da doka ta sani, wadda ake cire kowace asara a cikinta, babba da ƙarama. Akwai kuma wadda suke kira gyararriyar riba. A wannan, kamfani yakan ware abubuwan da ya ce tsautsayi ne na sau ɗaya, kamar gobara ko ambaliya ko sata, ya ajiye su gefe, don masu hannun jari su ga yadda sana'ar kanta take tafiya.

"Ba haramun ba ne, Baba. In ɓarawo ya shiga shagon tela ya kwashe yadi, ba za ka ce telan bai iya ɗinki ba. Mai zuba jari yana so ya san ko ya iya ɗinkin. Amma in telan ne ya yanka yadin ba daidai ba ya ɓata, wannan asarar sana'a ce. Ba a ware ta."

"Wacce masu jarin suka fi kallo?"

"Gyararriyar. Ita ake rubutawa da manyan baƙaƙe a shafin farko. In ta kai adadin da aka yi musu alkawari, za su ƙara kuɗi a sayi sabon inji. Kyautar ƙarshen shekara ta Manaja ma a kanta take."

Tsohon ya dubi kan sandarsa. "In fenti ya lalace a ganga fa, laifin masu haɗawa?"

"Cikin riba zai shiga, duka biyun. Ba za mu kai alkawarin ba ke nan." Akanta ya mayar da tabaransa a hankali. "Me ya sa ka tambaya?"

"Na gode, ɗana. Yau ka koya min karatun da ban samu a makaranta ba."

Washegari ya roƙi masu lodi su mirgina masa gangar fenti mai kyau a kan laka. Ta tafi sumul, sawunta bai ɗaya daga farko har ƙarshe, don ruwan da ke ciki yana bin juyinta. Sai ya sa aka samo gangar banza, aka ɗaure buhun yashi a gefe ɗaya na cikinta, aka tura. Ta nutse, ta yi sama-sama, ta nutse.

Sufeto ya daina dariya.

"Abin da ke cikin gangunan can ba ruwa ba ne," in ji Baba Mai Sawu. "Ya daskare, ya kwanta gefe guda. Wa zai sayi fentin da ya zama dutse? Ba kasuwa aka kai su ba." Ya kwance hankicin. "Ina ake samun irin wannan ƙasa?"

Direba ne ya sani. Tsohon ramin da ake fasa dutse a bayan gari, wanda aka daina aiki a cikinsa.

A bakin ramin sawun motar ya sake bayyana, da irin gaba da bayan nan na wanda bai iya ba. Suka bi shi ta bayan wani tudun tsakuwa. Gangunan suna nan. Sufeto ya buɗe ɗaya ya soka sandar tsohon, sandar ta tsaya kamar ta daki bango.

Amma Baba Mai Sawu yadda aka ajiye su yake kallo. Ga tafki a ƙasan ramin, da an tura su ciki da magana ta ƙare har abada. Sai aka kai su can nesa da ruwa, aka shimfiɗa tampol a ƙasa, aka jera su a tsaye, aka ɗaure kowane murfi, aka juya alamar guba tana kallon waje. Daga tafkin wata 'yar ƙorama ta gangara zuwa gidajen da ke ƙasa, inda mata ke wanki.

"Wanda ya jera waɗannan ya san abin da ke ciki," ya ce, "kuma yana tsoron Allah fiye da yadda yake tsoron kamu."

Ranar Juma'a, kafin a buɗe zauren taro, Shugabar hukumar kamfanin ta yarda a tara mutane a ƙaramin ɗakin da ke gefe. Dattijuwa ce mai ƙaramar murya, wadda ba a katse ta. Ga Manaja da sabuwar kwat, ga Akanta rungume da takardunsa, ga maigadi da direba a tsaye jikin bango. Ga kuma Injiniya, shugaban masu haɗa fenti, mai farin gashi da tabon sinadari a yatsu, ya zauna can ƙarshe yana kallon ƙasa. Ta bango ana jin hayaniyar masu hannun jari, yawancinsu tsofaffin ma'aikata da suka zuba kuɗin sallamarsu.

"Ranki ya daɗe, lokaci na tafiya," in ji Manaja. "Ɓarauniya tana hannu."

"Baba, muna jin ka," in ji Shugaba.

Baba Mai Sawu ya gyara riƙon sandarsa. Ya faɗi abin da ƙasa ta nuna masa, bai ƙara ba. Da ya zo kan ramin dutse, masu lodi suka mirgino ganga ɗaya cikin ɗakin, tana tafe tana dukan ƙasa da gefe guda.

"Ranki ya daɗe, ni ban san lissafi ba sai abin da Akanta ya koya min. Ya ce in an sace, a gefe ake ajiyewa. In ya lalace, a cikin riba yake. Wannan fentin ya lalace tun kafin a sace shi."

Shugaba ta juya. "Haka ne, Akanta?"

"In dai haka yake a ganga, ranki ya daɗe, ba ni da ikon ware shi." Ya ɗaga kai ya ƙarasa. "Kuma ba zan ware ba."

Manaja ya ce to ai wannan ya nuna Mai Sito ta bar kaya sun lalace, ta ɓoye laifinta. Ya faɗe shi da sauri, kamar ya tanade shi.

Baba Mai Sawu ya wuce shi. Ya taka a hankali har ƙarshen ɗakin.

"Injiniya, ni ban zo da sawunka ba, takalmin aiki duk iri ɗaya ne. Godiya na zo yi wa wanda ya shimfiɗa tampol ɗin nan. Na ga yara suna wasa a ƙoramar. Ko wane ne, Allah ya saka masa." Ya numfasa. "Sai dai ita ma matar da ke tsare tana da yara."

Injiniya ya dubi yatsunsa, ya daɗe yana dubawa.

"Manaja cewa ya yi a tura su cikin ruwa," ya ce a ƙarshe. "Na ce sai dai a kore ni."

"Rufe min baki!" in ji Manaja.

"Na rufe tun watan da ka sauya mana sinadari da mai araha. Na gaya maka zai daskare, ka ce in haɗa. Da ya daskare ka ce a gaya wa Mai Sito oda ce ta musamman, kada ta taɓa. Ka ce sata ce kawai a takarda, ba wanda za a kama." Ya juya ga Sufeto. "Shi ya kawo makulli, shi ya tuƙa. Ni da mataimakana biyu muka mirgina, kuma umarnina suka bi. Tun Litinin ban iya haɗiye abinci ba."

Sufeto ya dubi takalmin Manaja, ya ce ya ba shi aron na dama, akwai wani sawu a laka da yake so ya gwada. Manaja ya zauna, ya fara kwance igiyar.

Shugaba ta miƙe. "Akanta, wace riba za ka karanta musu?"

"Duka biyun, ranki ya daɗe. Da fentin a cikin kowace."

Baba Mai Sawu ya tsaya a bayan zaure ya saurara. Da Akanta ya faɗi adadin aka yi gunaguni, wani ya buga tebur, maganar sabon inji ta sha ruwa a wannan shekara. Sai wata tsohuwar malamar makaranta ta ɗaga hannu, ta ce ta sha zuwa taron nan ana karanta mata riba tana komawa gida da shakka, yau an karanta mata asara kuma ta san inda kuɗinta yake. Ta ce a gode wa wanda ya karanta. Akanta ya cire tabarau yana ta gogewa, ya kasa mayarwa.

Da la'asar aka fito da Mai Sito daga ofishin 'yan sanda. Ta rame, ta rungumo bargo da ledar kayan da aka riƙa kai mata. Yaranta suka ruga suka ƙanƙame ta, matar Baba Mai Sawu tana kuka tana yi musu faɗa su bar ta ta numfasa. Da ta hango tsohon sai ta nufo shi za ta durƙusa.

"Kul, 'yata. In kika durƙusa sai na sunkuya in ɗaga ki, kuma in na sunkuya sai an kira masu lodi."

Ta yi dariya da hawaye a fuska. "Baba, da wane baki zan gode maka?"

"Rabin aikin Akanta ne. Sauran kuma ga mai shi can."

A kan bencin da ke gaban kantar 'yan sanda Injiniya yana zaune, an karɓe masa agogo da ɗamara, yana jiran a shiga da shi. Sufeto ya riga ya gaya mata komai. Ta tsaya tana kallonsa, babban ɗanta yana jan hannunta su tafi. Injiniya ya kasa ɗaga kai.

Ta saki hannun yaron ta ƙarasa wurinsa. Ta ajiye bargon a gefensa, ta laluba cikin leda ta ciro ragowar maganin sauro ta ɗora a kai.

"Yaya, riƙe wannan," ta ce. "Akwai sauro a ciki, kuma simintin da sanyi. Gobe zan aiko maka da abinci, ka daure ka ci."